Kwana Huɗu a Kuala Lumpur da Abokai: Yadda Za Ku Shirya Tun Daga Gida

Idan abokai suka zauna a majalisa ana hirar tafiya hutu, kowa bakinsa cike yake da wuraren da za a je. Wannan ya ce dogayen benaye, wancan ya ce kasuwa, wani kuma abinci kaɗai ke ransa. Abin da ba a cika son taɓowa ba shi ne wa zai riƙe kuɗi, ƙarfe nawa za a riƙa fita, da yadda za a yi in ra'ayi ya rabu. Mu huɗu muka yi kwana huɗu a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, kuma na dawo da yaƙinin cewa waɗannan ƙananan maganganu su ne ke riƙe tafiya. Garin kansa ba shi da wuyar sha'ani. Abincin halal ko'ina, wurin salla ko'ina, jiragen ƙasa sun ratsa birnin, kuma da Turanci za ka yi ciniki ka tambayi hanya. Ga kuma 'yan uwanmu ɗalibai da suka daɗe suna zuwa karatu, musamman a Jami'ar Musulunci ta Duniya da ke Gombak, wadda aka kafa a 1983. Da wuya ka rasa ɗan unguwarku ko ƙanin abokinka a can.

Mataki na farko: zama ɗaya kafin a sayi komai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku kafin lokacin da kuke so, ku zauna ido da ido, ba a zauren WhatsApp ba, ku yanke abu huɗu.

Na farko adadi. Mutum uku ko huɗu ya fi, domin mota ɗaya za ta ɗauke ku, tebur ɗaya zai ishe ku. Da kun kai shida, rabin rana zai riƙa tafiya wajen jiran juna.

Na biyu kuɗi, kuma a nan nake so in daɗe. Abokai ba aljihunsu ɗaya ba, kuma kunya kan hana mai ƙaramin ƙarfi faɗin gaskiya. Sai ya yi shiru a gida, ya je can ya riƙa cewa ba ya jin yunwa alhali tsadar wurin ce ta kore shi. Don haka a tsara tafiyar daidai ƙarfin wanda ya fi kowa ƙaramin aljihu, ba tare da an nuna shi ba. Ku raba kuɗin gida biyu. Akwai asusun tarayya, wanda kowa zai zuba daidai wa daida, daga ciki ake biyan masauki, mota, tikitin shiga wurare da abincin da aka ci tare. Akwai kuma aljihun kowa, na tsaraba da kwaɗayi, wanda ba ruwan kowa da shi. Ku naɗa ma'aji ɗaya, mutumin da ba ya ganin ƙyashin rubuta ko kuɗin ruwan gora, kuma kowane dare ya karanta wa jama'a abin da aka kashe. Minti biyar ne, amma yana kashe zargi tun kafin ya yi tsiro. Ku kuma amince tun yanzu a kan abin da zai faru in wani ya fasa, ko ba a ba shi biza ba: wane kuɗi zai dawo masa, wanne ne ya tafi.

Na uku saurin tafiya. A kowace ƙungiya akwai mai tashi da asuba ya ce a fita, akwai mai son barci har hantsi. Ku ajiye lokacin fita ɗaya, misali tara na safe, ku kuma yarda cewa kowace rana akwai awa uku da kowa zai kama gabansa. Ba dole ba ne a yi komai tare kafin zumunci ya tabbata.

Na huɗu kwanaki. Kwana huɗu a cikin gari na nufin ku nemi hutun mako guda a wurin aiki, domin zuwa da dawowa kowanne zai ci kusan yini cur.

Mataki na biyu: lokacin zuwa

Kuala Lumpur na kusa da tsakiyar duniya, babu hunturu babu bazara irin tamu. Zafi kan kai digiri 32 ko 33 da rana duk shekara, ya sauka kusan 24 da dare, kuma zafi ne mai laima, wanda ke jiƙa riga cikin minti goma. Ruwa yana sauka a kowane wata, yawanci da la'asar, da tsawa da walƙiya, ya yi awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Ya fi yawa daga Oktoba zuwa Disamba da kuma wajen Maris da Afrilu, ya fi sauƙi a Yuni da Yuli.

Ku duba kalanda saboda bukukuwa. A ƙaramar salla, wadda suke kira Hari Raya Aidilfitri, mutanen gari kan watse zuwa ƙauyukansu, ƙananan gidajen abinci da yawa su rufe. Haka ma sabuwar shekarar Sinawa a Janairu ko Fabrairu. Watan azumi kuwa yana da nasa armashin, saboda kasuwannin buɗa-baki da ke ci da yamma a unguwanni, sai dai yawon rana da ƙishirwa a wannan zafi ba wasa ba ne.

Mataki na uku: takardu

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru sai da biza zai shiga Malesiya. Ofishin jakadancinsu a Najeriya yana Abuja. Sharuɗɗa kan sauya, don haka daga bakinsu za ku ji abin da ake nema a lokacin, ba daga bakin dillali ba. Kada ku biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ku riƙe katin allurar rigakafin shawara, domin ana nemansa daga masu zuwa daga ƙasashenmu, kuma wanda bai taɓa yi ba ya yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya.

Akwai kuma fom ɗin shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet, ana kiransa MDAC. Cikin kwana uku kafin isa ake cike shi, kyauta ne, a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar. Duk shafin da ya nemi kuɗi a kansa, ku rufe shi.

Kowa ya buga kwafin bizarsa, tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda, ya sa a jakar hannu. Jami'in shige da fice na iya tambayar inda za ka sauka, kwana nawa za ka yi, da me za ka ci abinci. Kowane ɗayanku ya san amsar da bakinsa, kada ya ce sai an kira abokinsa. Ku amsa a natse, ba tare da zafin rai ba ko da tambayoyin sun yi yawa.

Abu ɗaya da ba zan yi sassauci a kansa ba: kada wani ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko daga wa yake. Mun saba da "don Allah kai wa ɗana wannan", kuma al'ada ce mai kyau, amma dokar Malesiya a kan fataucin miyagun ƙwayoyi tana kaiwa har hukuncin kisa. A buɗe a gabanka, ka duba, sannan ka ɗauka. Masu shan magani su tafi da shi a cikin kwalinsa tare da takardar likita.

Mataki na huɗu: jirgi, masauki da canji

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar. Za a yada zango a Doha, Istanbul, Addis Ababa ko Jidda, gwargwadon kamfanin da kuka zaɓa. Ku sayi tikiti ɗaya da ya haɗa duka hanyar, don kaya su wuce da kansu, kuma ku saya a rana ɗaya don kada ku rabu a jirgi. Malesiya na gaban Najeriya da Nijar da awa bakwai, gaban Gana da awa takwas. Idan akwai zaɓi, jirgin da ke sauka da rana ko da yamma ya fi, ku yi wanka ku ci abinci ku kwanta tare da mutanen gari.

Wajen masauki, unguwa ta fi kyan ɗaki muhimmanci. Bukit Bintang ita ce cibiyar kantuna da hayaniya, ba ta barci, kuma akwai gidajen abincin Larabawa da yawa a cikinta. Kewayen KLCC, gindin tagwayen benaye, ya fi tsafta da tsada. Kusa da KL Sentral, babbar tashar jiragen ƙasa, ya fi sauƙin zirga-zirga. Chow Kit da Kampung Baru sun fi araha kuma nan ne cikin Malayawa sosai. Ko ina kuka zaɓa, ku tabbatar tafiyar ƙafa zuwa tashar jirgi ba ta wuce minti goma ba. Ga mutum huɗu, gidan haya mai ɗaki biyu ko uku da falo da injin wanki ya fi ɗakunan otal biyu, domin falon nan shi ne majalisarku da dare. A otal, baƙo daga waje yana biyan harajin yawon buɗe ido na ringit 10 (ringit ne kuɗin ƙasar) a kowane ɗaki kowane dare, ma'aji ya sa shi a lissafi. Idan tafiyar ta haɗa maza da mata, ɗakuna daban-daban. Bayan abin da addini ya ce, akwai dokar hana keɓancewar namiji da macen da ba matarsa ba kuma ba muharramarsa ba, da ke aiki a kan Musulmi a can.

Kuɗinsu ringit ne. Naira da sefa ba sa canzuwa a can, sai ku tafi da dala, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu. A filin jirgi ku canza kaɗan kawai, abin da zai kai ku gari, sauran a wurin 'yan canji masu lasisi da ke cikin manyan kantuna, farashinsu ya fi. Kada ku dogara da katin banki na gida shi kaɗai. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, gadon Ingila ne a ƙasashen biyu, cajarku za ta shiga. Mutanen Nijar da Kamaru masu caja mai baki biyu zagaye su nemi mahaɗi.

Kaya kuwa marasa nauyi: yadi mai shan iska, takalmin da ba ya zamewa a ruwa, ƙaramar lema ga kowa, da riga ɗaya mai ɗan kauri saboda sanyin na'ura a kantuna da jirage. Ku bar rabin akwati fayau don tsaraba.

Mataki na biyar: daga filin jirgi zuwa gari

Filin jirgin KLIA yana Sepang, kimanin kilomita 50 kudu da birnin. Kafin ku fita, ku sayi layin waya da fasfo, aƙalla mutum biyu, ku kuma sauke manhajar Grab, wadda da ita ake kiran mota a can. Jirgin ƙasa mai sauri, KLIA Ekspres, yana kai mutum KL Sentral cikin kusan rabin awa a kan ringit 55. Ga mutum ɗaya shi ne zaɓi. Ga ku huɗu kuwa, mota ɗaya ta Grab ta fi araha nesa ba kusa ba, ko da za ta ci awa guda. Ku kira babba mai kujera shida saboda akwatuna. Wanda ya tare ku a ƙofa yana tallar mota, ku gode masa ku wuce.

A hanya za ku ga gonakin kwakwar manja iya ganin ido. Bishiyar asalinta Afirka ta Yamma ce, yau kuma Malesiya ce ta biyu a duniya wajen samar da manja, bayan Indonesiya. Ku lura kuma a hagu suke tuƙi, don haka wajen tsallaka titi dama za ku fara dubawa. Kwana biyun farko ku riƙa tuna wa juna.

A tashar farko kowa ya sayi katin Touch 'n Go ya zuba masa kuɗi. Da shi ake shiga jiragen ƙasa na cikin gari, wato LRT, MRT da mai layi ɗaya da ke bi ta saman titi, da kuma bas. A wasu jiragen akwai taragun mata zalla masu alamar ruwan hoda, maza su kula kada su faɗa ciki.

Salla da ruwan sama su ne agogonku

Kafin in jero kwanakin, ga dabarar da ta fi yi mana amfani. Agogon Malesiya ya ɗan yi gaba da rana: asuba wajen shida, hudowar rana wajen bakwai, azahar bayan ɗaya, la'asar wajen huɗu da rabi, magariba bayan bakwai. Don haka yawon waje da safe, daga azahar zuwa la'asar a shiga ƙarƙashin rufi a bar ruwa ya yi nasa, da yamma a sake fitowa. Wanda ya bi wannan tsari ba zai yi faɗa da yanayi ba.

Kalmar da za ku haddace ita ce surau, wato ɗakin salla. Akwai shi a manyan kantuna, tashoshi da gidajen mai, maza daban mata daban, da wurin alwala. Alƙibla a can yamma ce ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba, kuma a yawancin otal akwai kibiya a silin ko cikin durowa an rubuta kiblat. Mazhabarsu Shafi'iyya ce, za ku ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunuti a asuba. Banɗakunansu na da tiyon ruwa, ba sai an ɗauko buta daga gida ba.

Rana ta farko: kada ku yi komai da yawa

Jiki bai san ya zo ba tukuna. Ku huta har la'asar, sannan ku nufi lambun KLCC. Daga nan ake ganin tagwayen benayen Petronas da kyau, hawa 88, tsawon mita 452, waɗanda suka riƙe kambun gini mafi tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Ku yi magariba a masallacin As-Syakirin da ke gefen lambun, ku dawo bakin tafki lokacin da ruwa ke rawa da fitilu, kyauta. Daga nan ku taka ta gadar Saloma ku tsallaka zuwa Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malayawa da ta haura shekara ɗari, inda gidajen katako ke zaune a ƙarƙashin inuwar benaye. A nan za ku ci abincin dare.

Maganar abinci

Ku fara da nasi lemak: shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, da yajin sambal mai zaƙi-zaƙi, soyayyun ƙananan kifaye, gyaɗa, kokwamba da ƙwai. Karin kumallo ne amma ana cin sa kowane lokaci. Satay tsire ne ƙanana a kan gawayi, sai dai gyaɗar a miya take ba a ƙuli ba. Roti canai kuma waina ce ta fulawa mai falle-falle da ake tsomawa a miya. Ana samun ta a gidajen abincin mamak, wato Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana. A can za ku ga ana ɗaga shayi da madara daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, tamkar mai shayin bakin titinmu. Teh tarik suke ce masa. Sukari suke zubawa ba tausayi, in ba ka so ka ce kurang manis. A mamak ringit kaɗan za su ƙosar da mutum, kuma ni a ganina rabin abincinku ya zama a can. A gidajen abinci na cikin kantuna ana ƙara kashi 10 na hidima da kashi 6 na haraji a kan kuɗin da aka rubuta.

Kada ku ɗauka kowane abinci halal ne don kuna ƙasar Musulmi. Sinawa da Indiyawa babban ɓangare ne na mutanen birnin. Ku nemi tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofa, ko ku ga Malayawa masu ɗankwali suna ci a ciki. Wurin da ya rubuta cewa ba ya sayar da naman alade kawai, wannan ba shaidar halal ba ce. Titin Jalan Alor ya yi suna wajen abincin dare kuma ya cancanci a ratsa shi a ga hada-hada, amma yawancin rumfunansa ba na halal ba ne. Durian, ɗan itacen nan mai ƙaya da ƙarfin wari, ku ɗanɗana shi a waje; otal da jiragen ƙasa sun hana shiga da shi.

Rana ta biyu: tsohon gari

Ku sauka a tashar Masjid Jamek da ƙarfe tara. Masallacin, wanda aka buɗe a 1909, yana zaune daidai inda kogin Klang da na Gombak suka haɗu, kuma sunan birnin ma ma'anarsa mahaɗar ruwa mai laka. A nan masu haƙar kuza suka yada zango wajen 1857, kamar yadda kuza ta tara mutane a Jos. Taku kaɗan sai dandalin Merdeka, inda aka sauke tutar Ingila a daren da ƙasar ta samu 'yanci, 31 ga Agusta 1957, shekara uku kafin Najeriya. Ginin Sultan Abdul Samad mai hasumiyar agogo, na 1897, yana fuskantarsa. Daga nan ku gangara Central Market ku ga kayan hannu da yadin batik, ku leƙa titin Petaling, kasuwar Sinawa. A Petaling ana taya kaya kamar a Kantin Kwari, kuma yawancin jakunkuna da agogon masu manyan sunaye jabu ne. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Ginin da za ku ga ya tokare sama a kusa shi ne Merdeka 118, mita 679, na biyu a duniya bayan Burj Khalifa.

Azahar a Masjid Negara, masallacin ƙasa da aka buɗe a 1965, mai rufi kamar buɗaɗɗiyar lema. Bayan salla ku taka zuwa gidan adana kayan fasahar Musulunci da ke kusa, wanda aka buɗe a 1998. Wannan wuri shi ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Akwai zauren Alƙur'anai rubutun hannu daga ƙasashe daban-daban, da ƙananan siffofin manyan masallatan duniya, da tufafi da makamai da kayan ado. Wanda ya tashi yana ganin allo da tawada da zayyana zai tsaya ya daɗe a gaban waɗannan shafuka, yana kwatanta hannun Malayawa da na Turkawa da namu. Ku ba shi awa biyu, ruwa ya gama zubarsa a waje.

Rana ta uku: kogon Batu da saman bene

Jirgin KTM Komuter daga KL Sentral yana kaiwa har bakin kogon Batu, arewa da birnin. Ku isa kafin tara, tun rana ba ta buɗe ba. Dutsen farar ƙasa ne mai ƙaton kogo, ana hawa matakala 272 masu launi-launi kafin a shiga, ga mutum-mutumin Murugan, abin bautar mabiya addinin Hindu, mai ruwan zinare, kusan mita 43, tsaye a gindi. Wurin bauta ne na mabiya addinin Hindu, ba wurin wasa ba. Ku tattauna tun da dare: wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shiga ba ya zauna a ƙasa ko ya yi wani abin, kada a matsa masa, wanda ya shiga ya shiga da ladabi, da suturar da ta rufe gwiwa. Birai sun cika matakalar kuma suna fizge leda da gorar lemo, don haka abinci ya kasance cikin jaka a rufe. A lokacin bikin Thaipusam, a Janairu ko Fabrairu, cunkoson ya wuce misali.

Bayan azahar kowa ya kama gabansa. Mai son waya da kwamfuta ya tafi Low Yat Plaza, ya gwada kaya a gaban mai shago ya karɓi rasit. Mai neman yadi, ɗankwali da mayafi ya nufi Jalan Masjid India da Jalan Tuanku Abdul Rahman. Mai son barci ya yi barcinsa. Ku ajiye wuri da lokacin haɗuwa.

Da yamma ku hau sama. Zaɓi biyu ne: benayen Petronas, inda ake kai mutum gadar da ta haɗa su a hawa na 41 sannan hawa na 86, ko hasumiyar Menara KL mai mita 421. Tikitin Petronas na da ƙayyadadden lokaci kuma yana ƙarewa, a saye shi ta intanet kwanaki kafin nan, a kuma guji ranar Litinin da aka saba rufewa. Ni na fi son Menara KL, saboda daga can ne ake ganin tagwayen kansu. Ɗaya ya isa, kada ku biya biyu.

Rana ta huɗu: Putrajaya, tsaraba da rufe lissafi

Za a ce muku ku je Melaka, tsohon birnin da Turawan Fotugal suka ci a 1511. Ya cancanci zuwa, amma awa biyu ne a bas zuwa, awa biyu dawowa, kuma a ranar ƙarshe wannan wahala ce. Ku bar shi sai in kuna da kwana na biyar. Tsaunin Genting kuwa, in ban da motar igiya da sanyi, gidan caca ne ya fi yin suna a can, ban ga abin da zai ci muku yini ba.

Putrajaya ta fi dacewa. Nan gwamnati ta koma da ofisoshinta tun 1999, kamar yadda aka tashi daga Legas zuwa Abuja, kuma minti 20 ne daga KL Sentral a jirgin ƙasa na KLIA Transit. Ku ga masallacin Putra mai launin hoda a bakin tafki, ku yi azahar, ku dawo. Idan ranar ta faɗo Juma'a, ku je da wuri don samun sahu a ciki. Huɗuba da Malayanci ake yi.

Duk inda kuke, fasfo na jikinku a aljihun ciki, domin jami'ai na iya tambaya. Jakar hannu a rataya ta ɓangaren da ba ya kallon titi saboda masu fizge a babur. Lambar gaggawa 999 ce. Kalmomi kaɗan na buɗe fuskar mutane: terima kasih na gode, berapa nawa, tandas banɗaki. Dattijo a ce masa pak cik, dattijuwa mak cik, sa'an yayanka abang ko kak, kamar yadda muke cewa Baba da Inna da Yaya. Ana nuni da babban yatsa, ba manuniya ba, kuma ana cire takalmi a ƙofar gida.

A daren ƙarshe, kafin a fara ɗaure kaya, ma'aji ya kawo littafinsa. A ware kuɗin motar filin jirgi, a raba abin da ya saura daidai, wanda ake bi ya biya a wurin, kada bashin tafiya ya biyo ku gida. Hotuna a tura wa juna tun akwai intanet ɗin masauki. A auna kowane akwati, in na wani ya yi nauyi a rage a zuba a na wanda ke da sarari, amma kowa ya ga abin da aka sa masa. Ragowar ringit a mayar da ita dala a cikin gari. Ku duba tikiti ku tabbatar ko tasha ta ɗaya ce ko ta biyu jirginku zai tashi, domin gine-gine ne daban, sannan ku bar masauki awa huɗu da rabi kafin lokacin tashi, ku ƙara rabin awa idan da yamma ne ko hadari ya haɗo.